Mai Zane da Kasuwa: Lacca ga Masu Fara Sana'a



An nemi in yi magana a kan yadda sabon mai zane zai sayar da aikin hannunsa. Ku yi mini uzuri in fara da fata kafin in zo ga fenti. Shekaru aru-aru majeman Kano da Sakkwato suna jeme fatar jar akuya, fatake su ɗora wa raƙuma su keta Sahara da ita. Da ta isa Turai sai aka riƙa kiran ta fatar Maroko, don ta can take fita. Turawa suka yi bangon littattafansu masu tsada da ita, majemin da ya sha wari kuwa bai san inda ta ƙare ba, balle ya ce a ƙara masa kuɗi.

Ku dubi Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan 'yar Gbagyi. Gwana ce tun kafin Turawa su san da ita, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wato Suleja ta yau. A can aka riƙa buga wa aikinta hatimi mai haruffa biyu, LK. Da aka baje kolin tukwanen a Landan a 1958, mai saye ya san hannun da ya gina. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta na bayan takardar naira 20. Majemin ma gwani ne. Abin da ya rasa shi ne sunansa ya bi kayansa.

Saboda haka kada aiki ya bar ɗakinka sai ka sa hannu da shekara. Ka ɗauki hotonsa da hasken safiya, ka rubuta a littafi girmansa da abin da ka yi shi da shi da wanda ya saya da nawa ya biya. Wanda ya saya sau ɗaya ya fi saurin sake saye a kan baƙo, don haka lambar wayarsa jari ce.

Sai farashi, kuma nan zan daɗe. Ɗalibanmu sukan kasu biyu. Wani ya ji cewa a 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2, sai ya ɗora wa aikinsa na farko kuɗin mota. Ya manta Enwonwu ya rasu tun 1994, bai ga ko sisi na wannan ciniki ba, kuma sunan da aka saya sunan da aka yi shekaru ana ginawa ne. Wani kuma kunya ce ke cin sa. A tambaye shi nawa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A ba da abin da ya samu." Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, domin yana karya kasuwar duk abokan sana'arsa.

Lissafin ba shi da wuya. Ka haɗa kuɗin yadi da fenti da katako da firam da kuɗin mota, ka ƙara ladan kwanakin da ka yi, aƙalla kamar yadda magini ke karɓa a yini, sannan ka ɗora riba. Ka san ƙasarmu ƙasar tayi ce, ka bar wurin ragi, amma ka tsayar wa kanka iyakar da in an sauka ƙasa da ita za ka ce albarka ba tare da ɓata fuska ba. In aiki aka ba ka, karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗin, kafin ka taɓa buroshi. Telan unguwarku ma ba ya yanka yadi da alkawarin baki. 'Yan uwa masu cewa "ai kai namu ne" kuwa, ka yi musu kyauta in ka ga dama, ka faɗa musu cewa kyauta ce da kuma kuɗinta, kada su ɗauka haka ake samu.

Gidajen baje kolin zane na Legas da Abuja sukan ɗauki la'ada mai nauyi, wani lokaci har rabin kuɗi. Ba zalunci ba ne in sun kawo mai sayen da ba za ka taɓa kai wa gare shi ba. Sharaɗin shi ne a rubuta, kuma kada ka zagaya ka sayar da arha a bayansu. Ku sani kuma, a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, ba a miƙa haƙƙin aiki kacokan sai a rubuce. Wanda ya sayi zanenka ya rataye bai sayi izinin buga shi a kalanda ko atamfa ba.

Akwai maganar da ake kauce wa a irin wannan taro. Magidanta da yawa a Arewa ba sa rataye hoton mai rai a falo, saboda addini. Wanda ya tara zanen fuskoki ya ce mutanenmu ba su san darajar zane ba, shi ne bai san mutanensa ba. Mutanen da suka ƙawata soraye da dagi, suka yi zayyanar Alƙur'ani, suka ɗinka aska takwas a riga, ba za a koya musu son ado ba. Rubutun zayyana da zanen ganuwa da ƙofofin gari da karofin Ƙofar Mata duk suna da masu saye a otal-otal da ofisoshi da gidajen amare. Ka yi ƙanana da malamin makaranta zai iya saye, ka sa a WhatsApp da Instagram tare da farashi a fili.

Roƙona na ƙarshe ga masu hannu da shuni da ke zaune a sahun gaba ne. In kun ɗauki aikin yaran nan, ku biya su ranar da kuka ɗauka, kada ku ce su dawo ƙarshen wata.