Matar da Sunanta Ba Ya Cikin Littafi

  Wadda ke bakin murhu Allah ya ba da sa'a, wadda ke saƙa ko ɗinkin hula ta ɗan matso da rediyonta kusa.

Maganarmu ta yau ba ta cikin ɗakunanmu ba ce, ta maƙwabta ce. Da yawa daga cikinmu katanga ɗaya ce tsakaninmu da Kirista. Wata ita ce mai yi miki kitso, wata ita ce ungozomar asibitin da ta karɓi haihuwarki, wata kuma kullum tana aiko yaro sayen ƙuli a wurinki. Wani lokaci sai ki ji an ce wance ta daina zuwa coci. Mu da muke cikin gida sai mu ɗauka ko addinin ta bari, ko faɗa ta yi da wani. Sau da yawa ba haka ba ne. Akwai wani abu da ake kira zama mamba, kuma a kansa ne mutane da dama suke barin cocinsu alhali ba su bar abin da suka yi imani da shi ba.

Bari in fara da yadda abin yake. A wurinmu, namiji ya yi alwala ya shiga kowane masallaci, ba mai tambayarsa takarda. A coci ma ba a hana kowa shiga ranar Lahadi. Amma a coci-coci da yawa, shiga daban, zama ɗan ikilisiya daban. Ikilisiya ita ce jama'ar da aka rubuta sunayensu a littafi. Kafin a rubuta mutum, sai ya zauna aji na watanni ana koya masa, dattawa su yi masa tambayoyi, su duba zamansa da aurensa, sannan a yi masa baftisma, wato wankan shiga addinin, a ba shi kati. Mai wannan kati shi ke cin abin da suke kira jibin Ubangiji, ɗan gurasa da abin sha da ake rabawa a cikin sujada, wanda yake da girma ƙwarai a wurinsu. Shi ake zaɓa a muƙami, shi ke da bakin magana a taro. A wasu wuraren ma hatta yadda za a yi wa mutum jana'iza ya danganta da ko sunansa na cikin littafin.

Na san wannan ne ta dalilin wata baiwar Allah da muka yi maƙwabtaka shekaru da dama. Bahaushiya ce kamar ni da ke, daga wani ƙauyen Maguzawa. Ita ce ta biyu a gidan mijinta. An yi aurensu bisa al'adar iyayensu, da sadaki da komai, ta haifi 'ya'ya uku, sannan daga baya gidan duka suka shiga Kiristanci. Da aka zo maganar baftisma, aka ce uwargida ta cancanta. Shi maigidan aka ce sai ya rabu da ta biyu. Ita kuma aka ce ta ci gaba da zuwa, ta jira.

Ta jira kuwa. Ita ce mai sharar coci ranar Asabar, ita ce kan gaba a girkin biki, muryarta kuma idan zumuntar mata na waƙa har cikin tsakar gidanmu nake jinta. Amma duk ranar da za a ci jibi, sai a tashi layi-layi, ita tana zaune a benci tana kallon abokiyar zamanta ta wuce. Wata rana tana yi mini kitso sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Maman yara, shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune. Ni me na sata?" Ban san abin da zan ce mata ba. Bayan 'yan watanni ta daina zuwa. Addu'arta ba ta daina ba, Littafinsu na nan a ƙarƙashin matashinta. Bencin ne ta gaji da shi.

To, wannan matsala ba a kanta aka fara ba. Tana da tarihi mai tsawo. Tun da Turawan mishan suka shigo Afirka suka tarar da gidaje masu mata biyu, uku, huɗu. Koyarwar cocinsu kuwa miji ɗaya ne, mata ɗaya. Sai tambaya ta taso: mutumin da ya riga ya tara iyali kafin ya karɓi addinin, yaya za a yi da shi? Tun wajen 1855 wani bishop Bature mai suna Kolenso, da ke aiki cikin Zulu a Afirka ta Kudu, ya ce zalunci ne a tilasta wa mutum korar matar da ya aura da gaskiya, domin ina za ta, kuma wa zai riƙe 'ya'yanta? Ba a karɓi maganarsa ba. A 1888 bishop-bishop na cocin Angilikan suka taru a Lambet da ke birnin Landan, suka yanke cewa mai mace fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, sai dai ya zauna a matsayin mai koyo. Matan kuwa aka ce a wasu lokuta ana iya yi musu, gwargwadon yadda shugabannin kowane wuri suka gani. Kin ga ke nan makomar mace ta koma hannun duk wanda ke riƙe da littafin a garinsu.

A nan ƙasar tamu abin ya kai ga ɓallewa. A 1917, a wata cocin Metodis da ke unguwar Ereko a Ikko, aka kori mutane masu yawa daga zama mamba saboda suna da mata fiye da ɗaya. Ba su koma gida sun zauna ba, sai suka kafa cocinsu ta 'yan Afirka. Saboda tana kusa da kasuwar kifi, mutanen gari suka laƙaba mata suna Eleja, wato ta masu kifi da Yarbanci. Tsokana ce, amma sunan ya bi ta, kuma cocin ta rayu. Ku lura fa, waɗannan mutane ba Yesu suka ce sun bari ba. Sharaɗin littafi ne ya fitar da su.

Sai da aka shekara ɗari cif kafin taron Lambet ya sauya wancan hukunci. A taron Lambet na 1988 aka amince cewa mutumin da ya karɓi addinin yana da mata fiye da ɗaya ana iya yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa da suka ba da gaskiya. Aka sa sharuɗɗa: ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan na raye, jama'ar cocin wurin su yarda, kuma kada a tilasta masa sakin kowacce, saboda wahalar da za ta faɗa ciki. Wato abin da Kolenso ya faɗa tun farko. Sai dai shawarar wannan taro ba doka ba ce da ta hau kan kowa, kuma sauran ɗariku kowacce da nata tsarin. A dokar Katolika ta 1983, irin wannan mutum mace ɗaya zai riƙe, amma an ɗora wa bishop alhakin tabbatar da cewa an biya wa sauran matan bukatunsu bisa adalci. Coci-coci da dama da mishan suka kafa a nan Arewa sun gaji tsohuwar dokar, shi ya sa maƙwabciyata ta sami kanta inda ta samu.

Kada kuma ki ɗauka aure ne kaɗai sharaɗin da ke fitar da mutane. A wata ƙasar kuɗi ne. Bari mu leƙa Jamus. A can, idan an rubuta mutum a takardun hukuma cewa ɗan Katolika ne ko ɗan babbar cocin Furotesta, gwamnati ce da kanta ke cire harajin coci daga albashinsa: kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin da yake biya, a ƙara a kai. Wanda ba ya son biya, hanya ɗaya ce, ya je ofishin hukuma ya sa hannu cewa ya fita. A 2012 bishop-bishop na Katolika a Jamus suka fitar da hukunci cewa duk wanda ya sa wannan hannu ba zai ci jibi ba, ba zai riƙe muƙami a coci ba, kuma ana iya hana shi jana'izar coci idan bai nuna nadama ba kafin ya mutu. A shekarar 2022 kaɗai mutum 522,821 ne suka fita daga Katolika a ƙasar. Ba duka ne saboda haraji ba, da yawa ɓacin rai ne kan abin kunyar cin zarafin yara da ya fito fili. Amma a cikinsu akwai masu cewa imaninsu na nan, sunansu kawai suka cire.

Yanzu, don kada mu yi rashin adalci, su ma masu riƙe da littafin suna da hujjarsu. Suna cewa makiyayi dole ya san yawan tumakinsa. Idan ba a rubuta ba, wa zai san wadda ba ta da lafiya, wa zai san marayan da za a biya wa kuɗin makaranta, wa ke da ikon zaɓen shugaba? Kuma maganar mace ɗaya a wurinsu koyarwar addini ce, suna tsoron idan aka sassauta wa wanda ya shigo da mata biyu, gobe wanda aka haifa a ciki zai ce shi ma a bar shi. Wannan muhawara tasu ce, su za su warware ta. Ba namu ba ne mu zauna a tsakar gida muna yanke musu hukunci, kamar yadda ba za mu so a yanke mana a kan namu ba.

Abin da ya shafe mu shi ne matar. Kin san abin da maƙwabciyata ta fi yin kuka a kai bayan ta daina zuwa? Ba katin ba ne. Mata ne. Zumuntar mata ita ce danginta a garin da ba nata ba. Su ne masu zuwa barka, su ne masu kawo itace da hatsi ranar rasuwa, su ne masu tara mata ɗan kuɗi idan ta shiga matsi. Da ƙafarta ta ɗauke, ƙafafunsu ma suka ragu. Ba mugunta ba ce, hidima ce ta yi wa kowa yawa, kuma wanda ba a gani ana mantawa da shi. Ranar da ƙaramin ɗanta ya kwanta da ƙyanda, kwana huɗu ba wanda ya leƙo. Ni ma sai a bakin yara na ji. Na dama kunu na ba 'yata ta kai mata, da daddare kuma na nemi izinin maigida na shiga. Da ta gan ni sai ta fashe da kuka. Wallahi har yau ina jin kunyar kwana huɗun nan.

Mu da muke cikin kulle mun fi kowa sanin wannan. Mun san yadda yini ke tsawo idan ba wadda ta yi sallama. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to mu ƙafarmu ita ce yaron da muke aika, da kwanon da muke rufewa, da wayar da ke hannunmu. Saboda haka idan kin ji maƙwabciyarki ta daina zuwa cocinsu, ga abin da nake roƙonki. Kada ki tsare ta da tambaya, idan ta ga dama za ta faɗa da kanta. Kada ki mai da abin labarin da za a yi dariya a wurin suna. Kada kuma ki ga kamar dama ce ta samu ki fara zagin mutanenta, domin har yanzu nata ne, kuma ciwon da take ji ciwon son su ne. Ki aika a gaishe ta. Idan kin yi ɗan wake ki zuba mata. Haƙƙin maƙwabci bai tambayi littafin da sunan mutum yake ciki ba.

Sannan mu juyo mu dubi kanmu kaɗan. Mu ma fa muna da littattafanmu. Ƙungiyar unguwa tana da kuɗin rajista, adashi yana da uwar adashi da sharuɗɗanta, biki yana da anko. Mace nawa ce ta daina zuwa makarantar dare saboda ba ta da kuɗin yunifom, ta ce mana wai aiki ne ya yi mata yawa? Mace nawa ce ta ƙi zuwa bikin 'yar ƙawarta don ba ta iya fitar da anko ba? Tsari abu ne mai kyau, taro ba ya tafiya sai da shi. Amma duk wadda aka ba riƙon littafi, ko na adashi ne, ta riƙa ɗaga kai tana duba wace ce ke zaune a baya ba a kira sunanta ba, kuma tun yaushe take zaune.

Maƙwabciyar tawa daga baya ta sami wata ƙaramar coci a bayan gari da ta karɓe ta, aka yi mata baftisma tana da jikoki. Ranar ta aiko mini da shinkafa da kaza, ta ce a gaya wa Maman yara an rubuta ta. Ba addininmu ɗaya ba, amma na taya ta murna, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A nan zan dakata. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya, ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida yara, ku huta lafiya.