Fankar Lagireto da Gyaran Gangar Abzinawa



Iyakar Kamba, wadda aka rufe a 2019 aka sake buɗewa a 2022, da Tsamiya ta ƙasar Bagudo a bakin iyakar Binin, wurare ne da motocin kaya kan yi jerin gwano. Mota na tsaye, inji na aiki, zafin Afrilu ya haura digiri 40, iska ba ta ratsa lagireto. A irin wannan hali, ran injin ƙananan motocin kaya yana hannun fankar lantarki.

Abin takaici, wasu makanikai kan cire na'urar jin zafi, su haɗa fanka kai tsaye. Sai ta yini tana juyawa, ta ƙone tun kwananta bai kai ba. Inji kuwa ba ya saurin kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 95, sai ya sha mai, ya sha wuya.

Mazaunin na'urar shi ne kusa da inda ruwan zafi ke fitowa daga inji zuwa tiyon sama, bakinta tsundum cikin ruwa. In ruwa ya ragu ta zauna cikin iska, ƙarya za ta faɗa. Aikinta ta umarci rile, shi kuma ya jawo wuta daga batir ta waya mai kauri, da fis kusa da batirin, don kada waya ta kama da wuta.

Gobe wasunmu za su sa hannu a takardun gyaran motocin hukuma. Kafin ku sa, ku buɗe bonet ku tambayi makaniki inda fis yake.