Littafin Ba'a Da Littafin Asali: Riba Da Hasara

Wannan shi ne jawabin da wani ma'abocin wannan fili ya gabatar a gaban taron samari masu sha'awar karatu daga cikin Hausawa mazauna Ikko. Mun buga shi domin amfanin 'yan'uwa na Badun da Anacha da Fatakwal waɗanda ba su sami halarta ba.



Ina godiya ƙwarai da aka ba ni wannan dama, musamman da yake na san da yawa daga cikinku sun wuni a kasuwa ko a bakin aiki, kuma gobe da asuba za su koma. Saboda haka ba zan tsawaita ba. Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne wani ɗan littafin ban dariya da aka rubuta a Amurka domin yi wa wani babban littafin almara na Ingila ba'a. Ina fatan kafin in zauna za ku ga cewa maganar ta shafe mu fiye da yadda ake zato.

Bari in fara da littafin asali. Sunansa The Lord of the Rings, watau Mai Mulkin Zobba, kuma wanda ya wallafa shi J.R.R. Tolkien ne, shehun malami a fannin tsohon Turanci a Jami'ar Oxford. An haife shi a 1892, ya rasu a 1973. Ya soma rubuta labarin a 1937, ya shafe kimanin shekara 12 yana fama da shi, sa'an nan aka buga shi kashi 3 tsakanin 1954 da 1955, shafinsa ya haura 1,000. Wasunku sun ga finafinan da aka yi da shi daga 2001 zuwa 2003.

Labarin a taƙaice shi ne, akwai wani zobe na tsafi wanda wani azzalumi mai suna Sauron ya ƙera domin ya mallaki duniya. Duk wanda ya riƙe zoben nan, ko da niyyarsa ta kirki ce, sannu a hankali son mulki zai cinye zuciyarsa. Zoben ya faɗa hannun wani ɗan ƙaramin taliki mai suna Frodo, daga cikin wata al'umma ta gajerun mutane masu son zaman lafiya da cin abinci. Dattawa suka yanke shawara cewa babu wata dabara sai a kai zoben dutsen wuta inda aka ƙera shi a hallaka shi. Su 9 suka ɗauki hanya. Watau dai, a mafi yawan almara jarumi yakan fita neman wani abu mai daraja ya kawo gida, kamar yadda Alhaji Imam ya fita neman Ruwan Bagaja, amma a nan jarumin ya fita ne domin ya jefar da mulki. Wannan shi ne ƙashin bayan littafin.

A 1965 aka fitar da littafin a Amurka cikin bugu mai araha, nan da nan ɗaliban jami'a suka rungume shi, har abin ya zama kamar hauka. Ana cikin haka ne, a 1969, wasu samari biyu, Henry Beard da Douglas Kenney, na mujallar barkwanci ta ɗaliban Jami'ar Harvard wadda ake kira Harvard Lampoon, suka fitar da nasu littafin mai suna Bored of the Rings. Kalma ɗaya kurum suka sauya, sunan ya tashi daga mai mulkin zobba ya koma wanda zobba suka gundura.

Hanyar da suka bi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan kama ya san ta. Ɗan kama yakan ɗauki waƙar babban mawaƙi, ko salon karatun malami, ya bar karin yadda yake, amma ya cika shi da zancen tuwo da miya da ƙosai. Haka samarin nan suka yi, sai dai su kayan kanti suka zuba. Frodo ya koma Frito, sunan wani soyayyen garin masara da ake sayarwa a leda. Amininsa Sam ya koma Spam, naman gwangwani. Sauran abokan tafiyarsa biyu suka koma Moxie da Pepsi, lemon kwalba ke nan. Dattijo Gandalf mai hikima ya koma Goodgulf, sunan man fetur. Saruman maci amana ya koma Serutan, maganin wankin ciki. Mahayan baƙaƙen dawaki masu ban tsoro suka koma mahayan aladu, barade kuwa aka ɗora su bisa raguna.

To, mene ne amfanin wannan aiki? Na ga abubuwa 3.

Na farko, samarin nan sun san littafin da suke yi wa ba'a ciki da bai. Sun bi labarin daki daki, sun kwaikwayi gabatarwarsa, da taswirar ƙasashen da Tolkien ya ƙago, da waƙoƙinsa, har da nauyin harshensa irin na mutanen da. Ba a iya kwaikwayon tafiyar mutum sai an daɗe ana kallonsa. Ba'ar da ta fito daga sani tana da bambanci da ba'ar jahili, kuma mai karatu yana jin wannan bambanci tun daga shafin farko.

Na biyu, sun taɓa wuraren da littafin asali yake da rauni da gaske, domin kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tolkien yana da son tsawaitawa. Ana tsakiyar tashin hankali sai wani ya tsaya ya rera doguwar waƙa, ko ya shiga jero sunayen kakanni. Mata ba su da yawa a labarin. Sa'an nan akwai girmama jinin sarauta, ta yadda cancantar mutum ga gadon mulki takan rataya a kan zuriyarsa. Samarin sun mai da magajin sarautar wani wawa mai cika baki, suka mai da dattijon mai hikima ɗan damfara mai sulalewa idan wuya ta zo. Duk wanda ya yi dariya a nan ya koyi tambayar da ta wajaba ga kowane talaka, watau shin mai rawanin nan ya cancanci rawaninsa?

Na uku, littafin gajere ne. Abin da Tolkien ya faɗa a shafi fiye da 1,000, su sun gama da shi a ƙasa da shafi 200. Wargi idan ya yi tsawo yakan zama wahala, kuma sun gane haka.

Yanzu kuma sai aibobinsa, waɗanda a ganina sun fi nauyi.

Aibi na farko shi ne tsufa. Tun da an gina dariyar a kan sunayen kayan kantin Amurka na shekarun 1960, to ranar da kayan suka bar kanti, dariyar ma ta bi su. Yau ko a Amurka matashi ba lalle ne ya san Serutan ba. Kamfanin mai na Gulf, wanda dattawa a cikinku suka san aikinsa a Escravos, tun 1984 ya shige hannun kamfanin da ake kira Chevron. Ga abin mamaki: littafin asali, wanda aka rubuta da harshen mutanen da, bai tsufa ba, amma na ba'ar, wanda aka rubuta da harshen yayi, ya yi furfura tun yana saurayi. Ɗan kama ya fi su dabara a nan, domin tuwo ba ya fita yayi.

Aibi na biyu shi ne batsa da zancen ƙwaya. Akwai sunayen da suka laƙaba wa wasu taurarin labarin waɗanda ba zan iya furtawa a gaban iyayenmu ba. Wani taliki mai fara'a da ke zaune a daji kuwa, suka mai da shi mashayi, suka ba shi sunan wata ƙwayar hana barci. Idan mai ban dariya ya koma ga batsa, alama ce dabara ta fara ƙare masa. Saboda haka ina gargaɗin iyaye, kada zanen bangon littafin ya ruɗe su su miƙa wa yara.

Aibi na uku shi ne mafi girma, kuma ina roƙonku ku saurara da kyau. A littafin asali akwai wani mugun taliki mai suna Gollum wanda zoben ya lalata. Tun da farko Bilbo, wanda ya riƙi Frodo, ya sami damar kashe shi, amma tausayi ya hana shi. Shi ma Frodo daga baya ya ƙyale shi. A ƙarshe, da Frodo ya isa bakin wutar, sai zuciyarsa ta gaza, ya ƙi jefa zoben. Gollum ɗin nan da aka yafe wa shi ne ya cije masa yatsa, ya ƙwace zoben, ya faɗa wuta da shi. Watau ƙarfi bai ceci duniya ba, jarumin ma ya kāsa, rahamar da aka yi tun da daɗewa ita ce ta yi aiki. Mutumin da ya rubuta wannan ya ga yaƙi da idonsa, domin Tolkien yana cikin sojan da suka yi gumurzun Somme a Faransa a 1916, inda biyu daga cikin aminansa na makaranta suka kwanta dama.

To, me samarin suka yi da wannan wuri? Suka ce ai ba tausayi ne ya hana kisan ba, harsashi ne ya ƙare. Gaskiya zancen yana da ban dariya, ni ma na yi dariya. Amma ku duba abin da aka rushe. A littafinsu babu mai amana, babu mai tausayi, babu jarumi, kowa matsoraci ne ko maƙetaci ko mai kwaɗayi. Idan kowa ɓarawo ne, to ba a zargi kowa ba ke nan. Ba'ar da ta tsaga rigar munafuki ta yi aikin gyara, amma wadda ta ce gaskiya da amana su ma riga ce kurum, ta yi wa azzalumi aiki, domin babu abin da azzalumi yake so kamar jama'a su yarda cewa duk ɗaya ne.

'Yan'uwa, a nan maganar ta iso gida. Mu mutane ne masu barkwanci. Muna da wasan taubasai, muna da wasa tsakanin Fulani da Barebari, muna da tashe a watan azumi inda yara ke kwaikwayon manya. Abubakar Imam kansa, a Ruwan Bagaja na 1934, ya haɗa neman abu mai daraja da shaƙiyancin Malam Zurƙe, ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba. Amma duk wasannin nan suna da iyaka wadda kowa ya sani, kuma suna tsayawa ne a kan sanin asali. Wanda bai taɓa jin waƙar ba, ba zai gane abin da ɗan kama ya yi mata ba.

Yau 'ya'yanmu da aka haifa a Agege da Idi Araba da Sabon Badun suna ganin guntayen wasannin ba'a a wayoyinsu dare da rana, ana kwaikwayon malami, ana kwaikwayon sarki, ana kwaikwayon dattijo. Da yawansu ba su taɓa buɗe Magana Jari Ce ko Ganɗoki ba, wasunsu ma karatun Hausa yana yi musu wuya. Idan yaro ya fara sanin ba'a kafin ya san abin da ake yi wa ba'ar, zai tashi yana raina gadon da bai taɓa gani ba.

Shawarata ita ce, wanda ya iya Turanci kuma ya mallaki hankalinsa, ya fara karanta Tolkien, sa'an nan in ya so ya karanta samarin Harvard ya yi dariyarsa. Masu sha'awar rubutun barkwanci a cikinku kuwa, su koyi sanin asali da taƙaitawa daga gare su, su bar musu batsa da raina kowa. Mu iyaye kuma, idan za mu dawo daga ganin gida, mu sa littafin Hausa ko da ɗaya ne a cikin tsaraba.

 Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gida lafiya.