Jawabi A Kan Zawo Da Aman Yara

Zawo da aman nan da ke kwantar da ƙananan yara, musamman da hunturu, iyaye kan ce fitar haƙori ce. Sau da yawa wata ƙwayar cuta ce, rotabairos, wadda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Ostareliya a 1973. Ta baki ta ke shiga daga hannu mai dauɗa, ta ɓata hanji. A gidan haya mai masai ɗaya kuwa, nan da nan ta ke yaɗuwa.

Kafso ba ya kashe ta, asarar kuɗi ce kawai. Ƙarewar ruwan jiki ke halaka yaro. A ba shi ruwan gishiri da sukari, kada a hana shi nono. In idanu sun zurma, sai asibiti. Tun 2022 Nijeriya ke ɗiga wa jarirai rigakafinta kyauta, daga mako 6.