Ƙofar Hanta da Ciwon Shawara
Jawabi ga ɗaliban ajin manya a cikin birnin Kano



Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san matsarmama, 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta. Mahauci yakan cire ta a hankali, domin in ta fashe nama ya yi ɗaci. To, mu ma muna da ita. Hanta ce take yin ruwan ɗacin, matsarmama ta ajiye shi. In mutum ya ci abu mai maiƙo, sai ruwan ya zuba cikin hanji ya narkar da shi.

Jiki ba ya almubazzaranci da gishirin da ke cikin wannan ruwa. A ƙarshen ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da take tsotse shi, kusan kashi 95 cikin 100, ta mayar cikin jini. Jini ya kai shi hanta, wata ƙofar kuma ta shigar da shi. Haka yake ta zagayawa sau da yawa a yini.

In hanyar ta toshe, ɗacin sai ya taru cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Shawara ke nan, amma shawara alama ce, cutar tana ƙarƙashi.

A 2012 masana a birnin Beijin na ƙasar Sin suka gano cewa ƙwayar ciwon hanta mai lamba B ta wannan ƙofa ta hanta take shiga. Kamar a ce ɓarawo ya bi ayarin fatake ya shige ta Ƙofar Mata, mai gadi bai gane shi ba. Ƙwaya mai lamba D, wadda ba ta rayuwa sai a jikin mai B, ita ma nan take bi. Akwai allurar da ke toshe wannan ƙofa, sunanta Hepcludex. Turai ta amince da ita a 2020 domin masu D. A 2021 kuma Amurka ta amince da magunguna biyu masu toshe ƙofar hanji, domin yaran da aka haifa da cutar toshewar ɗaci, su sami sauƙin ƙaiƙayi.

Tsadar waɗannan magunguna ta fi ƙarfin talaka, ba zan ɓoye muku ba. Amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da B, da yawa ba su sani ba. Tana bin jini, da saduwa, da haihuwa. Askar wanzami guda a kan mutum goma hanya ce. Ku sayi reza sabuwa don aski, da kaciya, da ƙaho.

Tun 2004 rigakafin B yana cikin allurar yara, kuma kyauta ne. Ta farko a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira suna. Mai ciki ta nemi gwajin jini wurin awo. In tafin hannu da na ƙafa suna yi mata ƙaiƙayi da dare, ta faɗa wa ungozomar asibiti.

Jaririn da idonsa ya wuce mako biyu yana rawaya, kashinsa kuma fari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi Asibitin Murtala ko na Hasiya Bayero a ranar, domin in bututun ɗacin ne ya toshe, aikin ya fi yin nasara kafin ya cika wata biyu.