Funfuna a Lambun Gida: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya



An ce mu yi magana a kan kukan da ake yi kowace damina. Mutum ya shuka tumatir a bokiti ko buhun siminti a bayan ɗaki, ya yi kyau, ya soma fure, sai ganye ya yi tabo mai zobe-zobe, ya dinga bushewa tun daga ƙasa har sama. Wani ya ce baki ne, wani ya ce iri ne. To jama'a, galibi funfuna ce, dangin wadda ke kama tuwo in ya daɗe a rufe.

Nan Kurmi ba kamar gida ba ne. A Kano damina wata huɗu ce zuwa biyar, kuma lambun tumatir aikin rani ne, lokacin da iska ta bushe. Nan Ibadan kuwa ruwa kan soma tun Maris ko Afrilu, sai ƙarshen Oktoba, ga raɓa kowace safiya. Ita funfuna abin da take nema shi ne ganye ya kwana jiƙe. Ƙwayarta ido ba ya gani. Tana cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ruwan sama ya fantsamo ta kan ganyen da ke kusa da ƙasa, in ya yi sa'o'i bai bushe ba sai ta tsira ta shige ciki.

Don haka ban ruwan yamma da muka saba, ana watsawa bisa ganye, a bar shi. A ba da ruwa da safe, a gindi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan ƙasar don ta tare fantsamar nan. A kafa wa tumatir sanda a ɗaure shi, a cire ganyen ƙasa kamar taƙi ɗaya. Sannan tazara. Mun san wuri ya yi mana kaɗan a Sabo, amma gindi ɗaya a jarka mai lita 20 ya fi gindi huɗu a cunkushe ba da 'ya'ya. Tsakanin bokiti da bokiti a bar kamu guda iska ta ratsa.

A huda gindin bokitin sosai, a ɗora shi kan bulo, kada a ajiye shi inda ruwan kwano ke zuba. In kun ga tsiron da kuka yafa yana faɗuwa kamar an tsunkule shi a wuya, ƙasar ce ta sha ruwa fiye da ƙima. Ƙasar da tumatir ya yi yaushi ya mutu a ciki kuwa, kada a maida mata tumatir, ko tattasai, ko attarugu, ko gauta, duk dangi ɗaya ne, kuma wata funfunar tana shekaru a cikin ƙasa. A sa alayyafo ko wake. Ganyen da ya kamu a ƙone shi, kada a zuba cikin taki.

Saura batun magani. Maganin ƙwari ba ya kashe funfuna, asarar kuɗi ce kawai. Mankozeb da maganin nan na jan ƙarfe da manoman koko ke fesawa suna aiki, amma kariya suke yi, ba sa warkar da ganyen da ya riga ya kamu. A bi awon da ke jikin takarda, a kuma duba kwana nawa za a jira kafin a tsinka. Alayyafo da latas da ake yanka kowane mako kuwa, a ganinmu kada ma a fesa musu, don tukunyar gidanmu za su shiga. Mai neman iri mai jure ciwo ya leƙa cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Idi-Ishin ya yi tambaya kafin ruwa ya sauka.