Tafiyar Bayan Asuba

Jama'ar Nima da Mamobi, iyayenmu na kasuwa.

Da yawa cikinku za su ce, "Ai kullum a gajiye nake kwana, wane motsa jiki kuma?" Gajiya kam akwai ta. Amma wuni a zaune gaban buhun albasa, ko a tsaye bakin shago, baya da ƙafafu yake wahalarwa. Zuciya ba ta samu rabonta ba. Hawan jini da ciwon sukari kuwa ba sa sallama kafin su shigo gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 sau biyar, tafiya mai sauri wadda za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga.

Farawa ba ta da wuya, ɗorewa ce aiki. Kada ku jira ranar da za ku ji sha'awa, domin ba kasafai take zuwa ba. Ku ɗaure tafiyar a jikin abin da ba ya tashi, wato sallar asuba. Da an idar, kafin motoci su cika titin Nima, ku nufi filin Kawo Kuɗi ku dawo. Hajiya, ki yi alkawari da maƙwabciyarki. Kunyar barinta tsaye a ƙofar gida ta fi kowace nasiha tayar da mutum daga tabarma.

Laraba ranar kasuwa ce, ku huta. In ruwan Yuni ya hana ku fita, washegari ku koma. Mai shan maganin hawan jini ya fara tuntuɓar ma'aikatan asibitin Mamobi, kuma kada ya ajiye maganinsa.